Yadda Aka Yi Mini Ɗura a Ajashe

Tun da na dawo daga Ajashe labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta leƙo ta ce in ba ta labari, waccan ta aiko a tambaye ni ko na zo da atamfa. Jiya a gidan suna sau huɗu ina fara labarin daga farko, duk wadda ta shigo sai ta ce a koma baya ba ta ji ba. To na gaji. Ga shi na rubuta, kowa ta karanta, wadda idonta ya yi rauni ta ba 'yarta. Maganar atamfa kuwa ku cire rai, ko ƙyalle ban sayo ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Asabe, a nan Sabon Ibadan, unguwar Hausawa, aka haife ni, nan aka aurar da ni. Shekara tara ke nan ina aiki a wani gidan rainon yara masu lalura ta wajen Akinyele. Yaran ɗakinmu goma sha biyu ne, wasu ba sa tafiya, wasu ba sa magana, wasu ko wuyansu bai tsaya ba. Abin da aka san ni da shi a gidan shi ne ɗura. Irin ɗurar da kakannin kowa suka yi: ki kwantar da yaro a cinya, ki tara tafin hannu a gefen bakinsa, ki tsiyaya kunu, ki ɗan toshe hanci da yatsa, ya haɗiye ko yana so ko ba ya so. Yarbawa ma haka suke yi da ogi, kokonsu, don haka ba wanda ya taɓa kallona a karkace. Yabo ma nake sha. Kafin a gama labaran safe a rediyo na cika cikin yara goma sha biyu, na wanke kofuna.

A cikin yaran akwai Tawa. Shekararta shida, amma in kika ɗauke ta sai ki rantse 'yar shekara biyu ce. Ta sha wahala wajen haihuwa, ta daɗe ba ta yi kuka ba, shi ne jikinta ke sanƙarewa, ba ta magana, sai manyan idanu. Tun tana shekara biyu take hannuna. A bana sau biyu ana kwantar da ita a asibiti da ciwon haƙarƙari, tari da zazzaɓi, tana ta ramewa. Da aka sallame ta karo na biyu likita ya ce ya ba mu wata biyu, in ba ta ƙara nauyi ba zai zura mata roba ta hanci a riƙa ba ta abinci ta nan. Na taɓa ganin yaro da robar nan, an ɗaure masa hannu don kada ya fizge. Na ce a raina ba dai Tawa ba, in dai ina da hannu. Sai na ƙara mata ɗura, daga sau uku zuwa sau biyar.

Ana cikin haka shugabar gidanmu ta ce an samu gurbi biyu a wani horo na kwana takwas a Jamhuriyar Benin, kan yadda ake kula da irin yaranmu, kuma ni da Iya Tope za mu je. Iya Tope abokiyar aikina ce, Bayarbiya, Kirista, mai jiki da murya, kullum muna faɗa kullum muna cin abinci a kwano ɗaya. Na ce ni ba inda za ni, wa zai ɗura wa Tawa? Aka ce Iya Agba. Na riƙe baki. Iya Agba tsohuwa ce da ta fi kowa daɗewa a gidan, ta kuma fi kowa nawa. Cokali ɗaya sai ta yi wa yaro waƙa baiti biyu. Na sha ce mata in ita kaɗai aka bar wa yaran nan, na ƙarshe sai da la'asar zai karya kumallo.

A gida na kai ƙara wurin maigidana Malam, ina sa ran zai hana. Yana zaune yana gyara alƙalami, ko ɗagowa bai yi ba.

"Maman Habibu, neman ilimi ne fa. Ki je."

"Malam, ilimin ba yaro abinci? Ni da na raini biyar a gidan nan?"

"To ki je ki koya musu."

Wannan maganar ce ta shige ni. Na ce haka ne kuwa, bari in je in nuna wa masu Faransanci yadda ake aiki.

Mun tashi bayan sallar asuba ranar Lahadi. Na ɗauki jaka ɗaya da kular dambun nama da yaji, don an ce mini abincinsu salam yake. Iya Tope ta zo tasha da gwaggwaro a kai kamar mai zuwa biki, ta ce ƙasar waje za ta, dole a san ta fito daga gidan mutunci. Motar Abekuta ta cika da wuri. Daga can muka canja ta Owode zuwa Idiroko, inda iyaka take. A wannan motar aka haɗa ni kujera da wata mata da kwandon katantanwa, irin manyan nan da Yarbawa ke ci. Muna cikin tafiya na ji wani abu mai sanyi yana hawa ƙafata. Ihun da na yi sai da direba ya taka birki. Mai kwandon ta sunkuya ta ɗauke abinta ta ce, "Pele, sannu, Iya Hausa, yana son ki ne." Iya Tope ta yi dariya har gwaggwaronta ya karkace.

A iyaka ba wanda ya ba mu wahala sai ni kaina. Aka ce a fito da takardar tafiya da katin allurar shawara. Takarda ta fito, kati ya ce ɗauke ni inda kika ajiye. Na zazzage jaka a kan benci a gaban maza, zannuwa da carbi da man zafi duk a fili. Sai can na tuna cewa tsabar tsoron kada ya ɓata, na naɗe shi a leda na cusa a ƙasan kular dambu. Haka na tona dambu da hannu na zaro shi yana ƙamshin albasa. Jami'in ya karɓa da yatsu biyu, ya shinshina, ya dubi kular. Ya ce da Yarbanci, kati lafiya lau, amma aikinsa bai ƙare ba sai ya tabbatar abin da ke cikin kular ba guba ba ne. Na zuba masa a takarda. Ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ce mu shiga lafiya.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ban ga ƙasar waje ba. Jar ƙasa irin tamu, bishiyar kwakwar manja irin tamu, mutane suna Yarbanci, sai dai in sun zo ƙirga ko gaisuwa su juya harshe zuwa Faransanci. Garin da muka nufa a takarda Porto-Novo yake, amma kowa Ajashe yake cewa. Da muka sauka aka ce sauran tafiyar sai a babur. Masu acaɓarsu riga iri ɗaya suke sawa da lamba a baya, kuma ba a hawa sai da hular kwano, har fasinja. Ni na ɗora tawa a kan hijabi ba gardama. Iya Tope ta ce sam, gwaggwaron da ta ɓata awa guda tana ɗaurawa? Mai babur ya ce to ta taka da ƙafa. Haka ta kwance shi tana tsine wa Faransa, ta shiga Ajashe da hular kwano, gwaggwaro a hammata.

Masaukinmu na wasu sistocin coci ne, jikin gidan yaran da ake horon. Ɗaki fes, gado biyu, gidan sauro, da gicciye a bango daidai saitin kaina. Na tsaya ina tunanin yadda zan yi salla. Sai ga wata tsohuwar sista ta ƙwanƙwasa, riƙe da tabarma da buta. Ta nuna mini kusurwar taga ta ce nan ne gabas, ta ce baƙi Musulmi sun sha kwana a ɗakin. Na ji kunyar abin da na fara saƙawa a raina.

Abinci kuwa, wadda ta ce mini salam yake ba ta taɓa zuwa ba. Da rana aka kawo wani abu a naɗe cikin ganye suna kiransa akasa. Na buɗe da ɗoki, sai na ga eko ne, kafarmu ta gida. Na ce wa Iya Tope, yanzu mota uku da babur muka hau don mu ci eko? Amma miyar tumatir da albasa da suke haɗa shi da ita, da soyayyen kifi, barkononta sai da ya sa ni neman ruwa. Abin da ban shirya da shi ba shi ne burodin safe. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kankare mini dasashi, sai da na riƙa jiƙa shi a shayi kamar tsohuwa. Wani abin kuma, da an ci abincin rana sai gari ya mutu. Kanti a rufe, ofis a rufe, kowa ya je ya kwanta har wajen ƙarfe uku. Na tuna kasuwar Bodija ta Ibadan a daidai wannan lokacin, inda ko allura ka yar ba za ta taɓa ƙasa ba, na ce lallai mutanen nan ba su da masu bin su da gudu.

Mai koyar da mu sunanta Madam Selestin. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, ta yi shekaru tana aiki da yaran da ba sa iya sarrafa jikinsu, tana jin Yarbanci irin na can mai ɗan lanƙwasa. Ranar farko ta zo gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo fuska za ta manna kumatunta a nawa yadda suke yi. Ni kuwa na zaci wani sirri za ta raɗa mini, na miƙa mata kunne. Muka yi karo da goshi. Daga ranar in ta hango ni sai ta dafe goshi ta ce, "Madam Ibadan, daga nesa."

Mu wajen ashirin ne, daga Benin da Togo da Najeriya. Bayan gabatarwa ta fito da wata 'yar tsana mai girman yaro, ta ce wa zai nuna yadda yake ciyar da yaron da ba ya iya ci da kansa. Kafin ta rufe baki na miƙe. Na gyara zani, na kwantar da 'yar tsana a cinya, na tara hannu, na nuna tsiyayawa, na nuna toshe hanci. Wasu matan Togo suka tafa, suka ce haka iyayensu ke yi. Madam ta tambaye ni yara nawa nake ciyarwa, cikin minti nawa. Na faɗa mata ina ɗaga kafaɗa. Ta gyaɗa kai ta ce, "Kina da sauri." Na koma na zauna ina jin kaina a sama. Da yamma har na kira Malam na ce masa maganarsa ta tabbata.

Washegari muka tarar an kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi. Madam ta ce mu kasu biyu-biyu, ɗaya yaro ɗaya mai raino. Yaro zai kwanta rigingine, a naɗe hannayensa a zani, ba magana, ba nuni. Mai raino za ta ba shi koko mai ruwa-ruwa da babban cokali, da sauri, tana hira da maƙwabciyarta, kada ta dubi fuskarsa. Ta ce abu ɗaya ta hana, toshe hanci, wannan ko a kan babba ba za ta yarda a gwada ba. Iya Tope ta dube ni ta yi wani murmushi da ban so ba.

"Iya Habibu, oya, maza kwanta. Yau Allah ya kawo ki hannuna."

Na kwanta ina dariya. Dariyar ba ta kai cokali uku ba. Ba na ganin komai sai rufin ɗaki da haɓar Iya Tope tana motsi, tana ba wata labarin katantanwa. Cokali yana zuwa ban san ta ina ba. Ban gama haɗiye na farko ba na biyu ya iso, na uku ya bugi haƙorina. Ina so in ce ta dakata, an hana magana. Ina so in ture hannunta, nawa a naɗe. Na rufe baki, sai ta danna cokalin a leɓena ta ce, "Ka ga taurin kai," daidai yadda nake faɗa wa Tawa, har da muryata ta kwaikwaya. Sai koko ya bi wata hanyar da ba tasa ba. Numfashina ya ɗauke. Na yunƙura na tashi zaune ina tari, koko yana fita ta hancina, hawaye shaɓe-shaɓe, hijabi ya ɓaci. Ajin ya kwashe da dariya, ni ma na so in yi, amma ƙirjina yana bugawa kamar an biyo ni.

Madam ta bari muka natsu, sannan ta zana wuya a allo. Ta ce hanya biyu ce a maƙogwaro, ta abinci da ta iska, suna maƙwabtaka. In mutum yana zaune, haɓarsa ta ɗan sunkuya, ta iska tana rufewa lokacin haɗiya. In aka kwantar da shi kai ya koma baya, ƙofarta a buɗe take, abu mai ruwa kuma shi ya fi saurin faɗawa. Ta nuna ni ta ce, "Madam Ibadan babba ce mai ƙarfi, ta tashi ta yi tari ta fitar. Yaranku da yawa ba su da ƙarfin tarin. Yana shiga huhu shiru, kaɗan yau kaɗan gobe. Bayan kwanaki sai ku ga zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, ku ce sanyi ne ya kama shi."

Sanyi. Abin da na faɗa wa likita ke nan, har na sayo wa Tawa rigar sanyi mai hula.

Ranar ban ci akasa ba. Da gari ya kwanta barcin rana na fita bayan ɗaki na kira Iya Agba. Na tambaye ta Tawa.

"Tana nan lafiya, 'yata. Ba ta ci da yawa dai, kin san hannuna ba irin naki ba ne. Jingine ta nake a ƙirjina muna yi a hankali."

"Tarin fa, Iya?"

"Tari? Ai kwana biyun nan ban ji ba sosai. Ko don an daina ruwa ne."

Ba a daina ruwa ba, da sassafe Malam ya ce mini an kwana ana yi a Ibadan. Na kashe wayar na zauna a kan wani bulo na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Shekara huɗu ina ɗauka ni ce ke riƙe da ran yarinyar nan, ashe hannuna ne ke kai ta asibiti. Kuma da likita ya tsorata ni, sai na ƙara mata sau biyu a kai.

A nan Madam Selestin ta same ni. Ba ta ce in daina kuka ba. Ta zauna a ɗaya bulon ta ce, "Wa ya koya miki?"

"Kakata."

"Ni ma kakata ce ta yi mini, ga ni a raye. Don mu rayu suka yi. Amma mu lafiyayyu ne, muna iya tari. Ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya nuna miki bambancin, aka miƙa miki yara goma sha biyu da kofi aka ce bismilla."

Yadda ta ce bismillar da harshenta sai da na yi dariya cikin hawaye.

Sauran kwanakin na zama ɗalibar kirki, amma ban daina gardama ba. Ta koya mana a zaunar da yaro a tokare shi ta ko'ina, ƙafa a ƙasa, kai a tsaye. Mai raino ta zauna a gabansa ido cikin ido. Kunu ya yi kauri, cokali ƙarami, a nuna masa a gaya masa, a jira ya haɗiye kafin na gaba. In ya kau da kai, magana ce ya yi, a saurara. Na ɗaga hannu na ce, Madam, wannan duk daidai ne, amma yaro ɗaya minti arba'in, mu biyu ne a ɗaki, yaushe za a gama? Ta ce in zo in gani.

Ta kai mu ɗakin cin abincin yaransu. Wallahi da na leƙa sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi. Shinkafa a ƙasa, miya a kumatu, miya a gashi. Wata yarinya tana kai cokali kunne kafin ta samu baki, an naɗa wa cokalin roba ya yi kauri don ta iya damƙa. Na nemi tsumma zan goge mata, Madam ta riƙe mini hannu. Ta ce rabin yaran nan da ɗura ake musu, yanzu suna ci da kansu, masu raino sun samu lokacin waɗanda ba za su iya ba. Sannan na lura ba masu raino kaɗai ke ɗakin ba. Mai dafa abinci tana gaban wani yaro, mai wanki tana gaban wani, har mai gadi, ƙato mai gashin baki, ya tsuguna yana cewa "aaa" da cokali a hannu. Kowa da yaronsa, kullum shi ne dai, don ya san halinsa. Na tuna mai gadinmu da ke kwana a kan benci da rana tsaka, na ce Baba ka shiga uku in na dawo.

Kwana biyu muka yi muna koyon yin kujera da kwali. Kwalin banza na kanti, a yanka, a liƙa shi rufi-rufi da kokon rogo, a lulluɓe da takardar buhun siminti, a shanya. Na kawo awon Tawa a kaina, don na san tsawon bayanta kamar tafin hannuna. Ta farko da na yi ta fito a karkace, Iya Tope ta ce ta dace da mai shan burkutu. Ta biyu ta tsaya cak, da abin tokare kai da ɗan tebur a gaba.

Ranar Juma'a aka ba mu hutun yamma, na ce zan nemi babban masallacin garin. Aka kwatanta mini kusa da kasuwa. Na je na tsaya gaban wani dogon gini mai fenti kala-kala da tagogi masu baka, coci sak. Na juya masa baya na tambayi wani mai tsire ina masallaci. Ya amsa mini da Hausa tsantsa, "Hajiya, ai inuwarsa kika tsaya." Ashe haka suka gina shi tun zamanin da. Da ya ji daga Sabon Ibadan nake, sai ya hau jero mini sunayen 'yan uwansa da ke kasuwar Shasha, ya ce lallai na san su. Ban san ko ɗaya ba, amma na ce duk suna lafiya. Ya ƙara mini tsire.

Dawowa kujerar ce ta zama fasinja ta uku. A iyaka wani jami'i ya juya ta ya ƙwanƙwasa, ya ce mene ne wannan. Na ce kujera. Ya ce ta kwali? Kafin in hana, ya ajiye ta ƙasa ya ɗora ƙafa ɗaya ya hau da dukan nauyinsa. Hankalina ya tashi, amma kujerar ko motsi ba ta yi ba. Ya sauko yana tambaya ko ina yin ta manya. Direban Abekuta ya ce a ɗaure ta a saman mota, ga hadari ya haɗo. Na ce sai dai a ɗaure ni tare da ita. Haka na rungumo ta a cinya har Ibadan, ban ga hanya ba, ƙafafuna suka yi tsami.

Ranar Litinin na shiga ɗakinmu da kujera da kunu mai kauri da ƙaramin cokali. Na fara zuwa wurin Iya Agba na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta yi ta kallona tana tambaya ko lafiya. Sannan na ɗauki Tawa na zaunar. Kujerar ta yi mata daidai. Na jawo kujerar tsuguno na zauna a gabanta, na nuna mata cokali na ce, "Tawa, kunu ne. Ga shi." Ta datse baki. Na jira. Na sake nunawa, ta datse. Minti biyar, minti goma, sauran yara suna kuka, kunu yana hucewa. Ban san lokacin da hannuna na hagu ya tashi da kansa ya nufi fuskarta ba. Bai kai ba. Tana ganin ya taso ta runtse ido, ta ja numfashi ta riƙe, jikinta duk ya sanƙare, tana jiran abin da ta saba.

Da tana kwance a cinyata ban taɓa ganin wannan ba, don ban taɓa kallo ba. Na mayar da hannun na zauna a kansa. Na ce, "Tawa, ki yafe mini. Ban sani ba." Na faɗa da Hausa, na faɗa da Yarbanci. Ta daɗe kafin ta buɗe ido. Ta dube ni, ta dubi cokalin, ta sake dubana. Can ta ɗan saki leɓe. Ranar cokali bakwai ta ci, ba tari ko ɗaya.

Yanzu sati shida ke nan. Mai gadi yana da yaronsa, yana gunaguni amma ba ya fashi. Yara uku sun fara ci da kansu, ɗakin ya koma kamar inda kaji suka yi tono, ni ce mai shara. Tawa tana cinye rabin kofi, wani lokaci fiye. Makon jiya likita ya ɗora ta a sikeli, ya saurari ƙirjinta, ya ce a ajiye maganar roba tukuna, mu dawo bayan wata guda.

Abu ɗaya ne bai gyaru ba. Har yau in ina zaune a gabanta na ɗaga hannu, ko ɗankwalina ne ya zame zan gyara, sai ta runtse ido ta riƙe numfashi. Don haka kafin in shiga ɗakin nake tsayawa a bakin ƙofa in ɗaure shi tamau, in sa hannun hagu a ƙarƙashin cinya, in ɗauki cokali, mu fara.